Kyautar Linzami

Kamfanin Microsoft ya ce Windows 11 kyauta ce. Madalla, Allah ya saka da alheri. Sai dai kyautar na da sharaɗi: dole kwamfutarka ta mallaki wani ɗan mitsitsin abu wai shi TPM 2.0. Babu shi, babu shiga. Wato an ba ka linzami, saura ka je kasuwa ka sayo doki.

Ranar 14 ga Oktoba, 2025 aka janye hannu daga Windows 10. Na zaci a ranar kwamfutata za ta ce ga garinku nan. Shiru. Har yau tana buɗewa da nawarta ta gado.

Na kai ta wurin mai gyara. Ya jujjuya ta, ya ce, "Alhaji, lafiyarta ƙalau. Zamani ne ya tafi ya bar ta."

Na tambayi abin da zan samu in na sayi sabuwa. Ya ambaci ƙarin tsaro a gurguje, sannan ya gyara zama: maɓallin Start ya bar kusurwar hagu, ya koma tsakiya.

Ganin na yi jim, sai ya kwantar mini da hankali. In ban so ba, zai mayar mini da shi hagu. Kuɗin aiki kawai zan biya.