Abin da Ke Ƙarƙashin Ɗankwali

Idan biki ya matso a Tambuwal ko Kebbe ko Dogon Daji, akwai lissafin da muke yi a tsakar gida kowa na ji: anko, lalle, dilka, kuɗin tela. Akwai kuma wanda muke yi a ƙuryar ɗaki da murya ƙasa-ƙasa, shi ne lissafin kai. Ba wadda za ta buɗe baki ta ce miki ta sayi gashi. Sai dai yarinyar da kika sani tun ana goya ta, wadda gashinta bai taɓa wuce kunne ba, ki gan ta ranar kamu jela na share mata gadon baya. Gwaggonta ta ce, "Masha Allahu, wagga ɗiya akwai suma!" Ita kuma ta sunkuyar da kai ta ce, "Man kaɗe ne, Gwaggo." Duk mu gyaɗa kai. Kowa ta sani, kuma kowa ta san an sani.

Mu ne fa masu hijabi har ƙasa. Daga ƙofar gida zuwa kasuwa ba mai ganin ko sili ɗaya na kanmu, amma a kan wannan kan da muke rufewa muke zuba kuɗin adashe. Wata za ta yi wata uku tana zubi, ranar kwasa ta tura kuɗin Kasuwar Sabon Gari ta Kano ko Balogun ta Legas bayan ta zaɓi kaya a hoton WhatsApp, a ba direba saƙo, a aiki ƙane tasha ya karɓo ƙulli a baƙar leda. In ya tambaya a ce magani ne. Maigida ma da hannunsa a ciki, domin sau da yawa shi ya cika kuɗin, bai tambayi na mene ne ba, kuma da ya ga kai ya sauya sai ya yi murmushi ya ce tuwon yau ya yi daɗi.

Wajen zaɓe kuwa duk mun zama gwanaye. Na roba da ake kitso da shi, irin su X-pression da Darling, kowa ya san shi, zarensa na masana'anta ne, kuma fitaccen irin wannan zaren, Kanekalon, kamfanin Kaneka na Japan ke yin sa. Wanda ke raba zumunci shi ne na mutum. Mai sayarwa ta rantse miki ɗan Brazil ne, alhali yawancinsa daga birnin Xuchang na ƙasar Sin ake haɗo shi, wani kuma asalinsa kan masu ziyarar wurin bauta na Tirumala ne a Indiya, inda suke aske kai don cika alwashi, a tara gashin a yi gwanjonsa. Wato sumar da wata ta sadaukar a kudancin Indiya ita ce ke yawo a gidan biki a Jabo. Mu dai ashana ce alƙalinmu: a ciri sili a ƙona. In ya yi ƙaurin babbaka ya zama toka, na mutum ne. In ya narke ya dunƙule kamar leda, an sha ki. Arha ba ta ado.

Na zauna na kalli yadda ake ɗinka wa wata ƙanwata. Da fari mai gyaran kai ta kitse mata nata gashin a kwance, ƙanana-ƙanana, ta ɗora raga, ta ɗauko allura mai lanƙwasa da baƙin zare ta shiga ɗinka layin gashi tun daga ƙeya, layi bisa layi, kamar mai ɗinkin faifai. Da ta iso tsakiyar kai sai ta fito da abin da suke kira kuloja, ɗan ƙyallen raga inci 4 tsawo inci 4 faɗi da aka daddasa wa gashi, shi ne murfin da ke ɓoye ɗinkin ya ba da tsaga kamar ta Allah. Akwai babbansa, furontal, mai inci 13 daga kunne zuwa kunne, wanda galibi sai an manna shi da gam a goshi. Awa huɗu ƙanwata na zaune, ido ya ja baya don tsabar ɗauri, ana tambayar ta "Da zahi?" tana cewa "Lahiya lau."

Ba lafiya lau ba ne. Ku tuna da zafin ƙasar Sakkwato a watan Afrilu, ma'auni ya haura 40, ga raga, ga gashi, ga ɗankwali, ga hijabi. Shi ya sa a taron suna za ki ga mata jere suna bubbuga kai da tafin hannu, saboda ƙaiƙayi ya taso kuma farce ba shi da hanya. Abin da ya fi damuna shi ne gefen goshi. Ɗauri mai tsanani da nauyin gashi da gam suna tuge saiwar gashin gaba a hankali, in abin ya daɗe ba ya sake tsirowa. Na san mata da yawa da suka fara ƙari don ado, yanzu suna yi don rufe sanƙon da ƙarin ya jawo. Garin neman gira an rasa ido.

Ga kuma abin da muka karanta a Islamiyya ba mu manta ba. Hadisin tsinuwa ga mai ƙarin gashi da wadda aka yi wa yana cikin Buhari da Muslim, har da labarin Mu'awiya da ya hau mumbari a Madina riƙe da curin gashi yana tsawatarwa. Wasu malamai sun sassauta a kan zare ko ulu da bai yi kama da gashi ba, mu kuma muka riƙe wannan sassaucin muka faɗaɗa shi har ya ɗauki ɗan Brazil. Amma idan lokacin alwala ya yi, ko wankan da dole ruwa ya kai fatar kai, zuciya ba ta barin mu. Na sha ganin wadda ta kashe kuɗin adashenta kaf ta farke ɗinkin bayan kwana biyar, ta ce ba ta samun natsuwa a salla.

Ƙanwar nan tawa ma haka ta yi. Bayan biki da mako ɗaya ta zauna a tabarma tsakanin gwiwoyin tsohuwar makitsiyar unguwarmu, wadda ta yi wa uwarmu kitson aure. Tsohuwar ta tsefe kan da tsinke, ta shafa gefen goshin da yatsa, ta yi tsaki, ta lakato man shanu ta murza. Ta ce, "Ɗiyata, shuku ko kalaba?" Ƙanwata ta ce, "Wanda ba ya ja, Inna."