Dakta, Wace Uwa Gare Ka a Bon?

Na san abin da za ku ce, don na sha jin sa a majalisa bayan la'asar. "Wai mutum ya gama digiri na uku, ana kiransa Dakta a wurin ɗaurin aure, sannan ya sake saɓa jaka ya koma ƙarƙashin wani farfesa? Wannan fosdok ɗin ai almajiranci ne da kwat." To, na yarda. Sai dai shi wannan almajirin ba ya bara, duk wata ake biyansa, kuma na'urar da ya shekara biyar yana kallo a hoton littafi ga ta a gabansa, ga wuta dare da rana.

Sai na gefe ya karɓe: "Malam, bar zancen nan, sai mai uwa a gindin murhu." Haba Alhaji, wace uwa gare ka a Bon? Can ne ofishin gidauniyar Alexander von Humboldt ta Jamus yake, kuma tana da tallafin Georg Forster, wanda ta keɓe wa masu bincike daga ƙasashe masu tasowa, na wata 6 zuwa 24. Ba ruwansu da katin sanata. Takardun da ka wallafa suke so su gani, da tsarin binciken da zai amfani ƙasarku, da wani masani a Jamus da ya yarda ya ba ka masauki a ɗakin gwajinsa.

A nan gizo ke saƙar. Wani abokina wasiƙa ɗaya ya rubuta, ya watsa wa farfesoshi arba'in, da masanin siminti da masanin sauro duk magana ɗaya, a ta ƙarshen ma ya manta bai canza suna ba. Da ya ji shiru, sai ya dawo yana cewa Turawa ba sa son mu. Na ce ya nuna min takardunsa. Uku ne, duk a irin mujallar da za ka biya kuɗi ranar Litinin ta buga maka ranar Alhamis. Dakta, su ma fa sun san mujallar.

Kada ku ce ban san halin da ake ciki ba. Wanda yajin aikin ASUU na 2022 ya cinye wa wata takwas, ga sinadarin gwaji sai ya saya da albashinsa, ba rago ba ne. Amma irin wannan halin na kaɗaici a bincike ne ya raba masanin kimiyya Abdus Salam da gida Pakistan, shi ya sa ya kafa cibiyar binciken kimiyya ta ICTP a Triyeste ta Italiya a 1964, tun kafin ya ci kyautar Nobel a 1979. A 1983 kuma ya jagoranci kafa ƙungiyar masana kimiyya ta TWAS, wadda ke tura matasan masana ƙasashe irin su Indiya da Burazil. Mai tsoron dusar ƙanƙara, ga inda rana take, sai wani uzurin kuma.

Tarayyar Turai ma tana da tallafin Marie Curie, ɗan kowace ƙasa na iya nema, kuma a 'yan shekarun nan a watan Satumba ake rufe ƙofa.

Ku ci gaba da dariya, shayin ma ni zan biya. Amma matakin fosdok na Georg Forster na wanda bai wuce shekara huɗu da gama digiri na uku ba ne, na Marie Curie kuwa shekara takwas. Dakta, in ka koma gida ɗauko shaidar kammalawarka ka duba kwanan wata.