Yadda Ake Zama Lafiya da Tsohon Suzuki A100

Idan Allah ya haɗa ka da Suzuki A100, ko ta gado ko ta ciniki, fara da gaishe shi. Tun 1966 kamfanin da ke Hamamatsu a Japan ya soma ƙera irinsa, ka ga ke nan wataƙila ya girme ka, kuma babba ba a yi masa gaggawa.

Ka san abin da ka hau: silinda ɗaya, cc 98, giya huɗu, iska ce ke sanyaya injin. Babu maɓallin tayarwa, sai kik, don haka ƙafarka ta dama ta shirya aiki. Injin mai bugu biyu ne, duk juyi ɗaya sai fulogi ya ba da wuta. Shi ya sa ɗan mitsitsin abu yake da zafin nama haka, shi ya sa kuma duk unguwa za ta san ka fita ba tare da ka yi wa kowa sallama ba.

Babbar magana ita ce mai. Wannan dattijo ba ya ajiye baƙin mai yana wanke fistin da shi irin na Boxer. Man tu-ti yake sha, ya ƙone shi tare da fetur. Akwai ɗan tankinsa daban a gefe, da famfon da Suzuki ke kira CCI, wanda ke auna man gwargwadon yadda ka murɗa totur. Kowace safiya ka leƙa wannan tanki kafin ka leƙa aljihunka. In wani ya ce maka, "Maigida, a cire famfon nan kawai a riƙa haɗawa a tanki," ka yi masa godiya ka tura babur ɗinka gaba, domin famfon ne ke kai mai kai tsaye ga boris ɗin cikin injin. In famfon ya lalace, gyara shi ake yi. Ɗan shuɗin hayakin da ke bin ka kuwa alamar lafiya ce, sai dai mai farar shadda ya yi haƙuri ya ba ka tazara. Ranar da ka waiwaya ba ka ga hayaki ko kaɗan ba, kashe injin nan take, tun kafin fistin ya kama.

Fulogi na biyu ya zauna a aljihu tare da sifanarsa. In babur ya ƙi tashi, kwance na ciki ka duba bakinsa: in launin ƙasa-ƙasa ne, lafiya lau, in ya yi baƙi ƙirin yana naso, ya sha mai ya ƙoshi, sai a goge ko a sauya. Kafireta kuma kada ka neme ta a bayan silinda, tana ɓoye cikin murfin injin ta gefen dama. In abokinka mai yawan sani ya zo taimako, bar shi ya ɗan yi lalube tukuna.

A takarda yana kusantar kilomita 100 a awa. Ka yarda da takardar, ba sai ka gwada ba, don birkin ganga ne gaba da baya, kuma ba ya shiri da ruwan sama. Fitilarsa ta volt 6 ce, tana rage ido in ka sassauta totur, saboda haka ziyarar dare a taƙaita ta.

In ƙarfinsa ya ragu, muryarsa ta dushe, kada ka yi saurin cewa tsufa ne. Galibi salansa ce ta toshe da baƙin dauɗar mai. Kai wa bakanike ya kwance ta ya ƙone dauɗar, amma ya yi aikin nesa da shanyar maƙwabta.