Alhaji Ba Ya Son A Tura Shi

A gidan mai, babban mutum ba ya fitowa daga mota. Rabin gilashi zai sauke, waya a kunne, ya ce wa yaro "cika ta", ya ci gaba da cinikin fili. Duba famfo aikin direba ne, direba kuwa ya tafi suna. Sai tanki ya kusa cika yaro zai rafka salati: fetur ya ɗura wa motar da gas take sha.

Abin yakan faɗa wa masu manyan motocin dizal ne, domin bakin famfon gas ya fi na fetur kauri, ba ya shiga tankin yawancin ƙananan motoci. Wajen 'yan bumburutu kam kowa na iya shan kashi, don mazurari ba ya tambaya.

Maganin bai kai a tara jama'a ba. Kada a tayar da motar, kada ma a murɗa makulli, saboda a motocin zamani murɗawar kaɗai kan sa famfon motar ya fara tura mai. A cire giya, a tura ta gefe, bakanike ya zo ya juye tanki. Gas yana da maiƙon da ke kare famfo da nozul. Fetur na shiga zai wanke shi, ƙarfe ya ci ƙarfe, kuɗin gyara ya doshi kuɗin aure.

Amma ina! Kafin yaro ya gama rantsuwa an kafa majalisa. Mai shayi ya ce a ƙara gas a kai, mai yawa zai cinye kaɗan. Mai facin taya ya ce a girgiza motar su haɗu. Wani dattijo da keke ne iyakar abin hawansa ya ce a taka ta zuwa Zariya, kafin Kwanar Ɗangora ta ƙone shi tas. Can gefe kuma wani ya riga ya ɗauko jarka, yana tambaya a hankali ko za a bar masa gaurayen ya gwada a janareta. Ban ga laifinsa ba. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, ba mai iya kallon mai yana malala a ƙasa.

Alhaji dai duk shawarar da aka kawo yana gyaɗa kai, in ban da guda. A tura shi? A gaban mutane, da babbar riga, yara na ihun "a ba shi wuta"? Gara injin ya mutu. Sai ya murɗa makulli, ya fice da ƙasaita, motar ta yi tari ta mace a tsakiyar shataletale, inda masu kallo suka ninka na gidan mai.

Don Allah masu hali, ku riƙa fitowa kuna duba famfo. Mu masu turi bayanmu ya gaji, kuma ko na goro ba kwa bayarwa.