Zo Ki Zura Mini Zare

Duk gidan da ake ɗinki yana da malaminsa, kuma kowane malami a shirye yake ya rantse cewa shi ya koya wa yaran. In ka bari yaran suka girma ka tambaye su, wani labarin daban za ka ji.

A fara da kaka, tunda girma ya ba ta. Ita dai ba ta taɓa zama da niyyar koyar da kowa ba. Ido ne ya fara gajiya, kafar allura ta daina ganuwa. Sai ta fito tsakar gida, ta ɗaga allurar sama, ta lashi bakin zaren, ta murza, ta kai, ta kuskure, ta zagi masu ƙera allurar zamani. Daga nan sai kira: "Ke kishiya, zo ki zura mini zaren nan, tunda ba ki da aiki sai ƙwace mini miji." Jika ta zo ta zura nan take. Kaka ta karɓa ta ce, "Ai da ma na kusa." Shi ke nan an ɗauki ɗaliba. In jikan namiji ne, mai gida ne da bai taɓa kawo cefane ba, don haka da zura zare zai biya.

Karatun kaka bai wuce zura zare, da laluben allurar da ta faɗa tsakanin saƙar tabarma, da zuba maɓallai daga tsohon gwangwanin madara a nemo wanda ya yi kama da wanda ya ɓata ba. Akwai kuma dokoki: ba a ɗinke riga tana jikin mutum, ba a aiken yaro sayen allura da dare. In ka tambayi dalili, ta ce ita ma ba ta tambaya ba, ga ta nan da ranta. Duk da haka, a ganina ita ta fi kowa yaye ɗalibai, kuma sirrin bai wuce gyangyaɗi ba. Tana miƙa wa yarinya ƙyalle da allura, barci ya ɗauke ta, yarinya ta yi ta ɓarna ba mai tsawa har hannunta ya faɗa.

Sai Hajiya mai keke. Baƙin Butterfly ne mai zanen ruwan zinare, ƙirar Shanghai, wanda aka kawo ta da shi cikin kayan ɗaki. In kuwa Singer ne, to, ka shiga uku, domin za ta yi maka bayaninsa har ka ɗauka da shawararta Isaac Singer ya yi wa kekensa rajista a Amurka a 1851. Keken yana kusurwar ɗaki a lulluɓe da mayafi, an ɗora masa kwanon tangaran. Kullum tana gaya wa baƙi cewa tana koya wa yaran ɗinki, kuma ba ƙarya ta yi ba, in dai kallo koyo ne. An yarda yarinya ta goge ƙura, ta ɗiga mai, ta mayar da igiya in ta zame. Hawa kuwa sai ranar da ta yi hankali, ranar da har yau ba a sa ba. Saboda haka 'yar Hajiya takan koyi keke ne ranar da Hajiya ta tafi biki ko ta'aziyya. Da yamma Hajiya ta dawo, ta ɗaga mayafi, ta ga zaren ƙasa ya cukurkuɗe, allura ta lanƙwashe. "Wa ya taɓa mini keke?" Gida ya yi tsit, har a fara zargin kyanwa.

Abin ya fi armashi in ɗalibar 'yar fari ce. Alkunya ta hana a kira sunanta, ta hana a yabe ta, ta hana ma a nuna an san tana wurin. Darasin sai ya koma magana da bango: "Wasu dai in za su yi kalmasa, sai su ninka sau biyu." In ɗinkin ya yi kyau, maƙwabciya ce za ta ji, ita ma a kaikaice, bayan yarinyar ta yi aure.

Akwai ƙanwar Hajiya a hali, wato Kawo Nan. Ita da zuciya ɗaya take son koyarwa, haƙurin ne babu. Yarinya ta soka allura sau biyu, a na uku sai "kawo nan, ba haka ake yi ba," ta karɓe, ta ɗinke tas, ta miƙa mata: "Kin gani?" 'Ya'yanta sun ga ɗinki iri-iri a duniya.

Baba tela shi ne babban malami, domin shi har shago gare shi, har da yaran maƙwabta da iyayensu suka kawo da goro. Waɗannan yakan bi su da lallami. Ɗan cikinsa kuwa da ranƙwashi ake yi masa bayani, don kada a ce an nuna bambanci. Matakin farko shara ne, da hura gawayin dutsen guga, da zirga-zirgar sayo zare da zif. Yaron zai san duk mai sayar da maɓalli a unguwa kafin ya san inda ake taka keke. Mataki na biyu, tsinke zaren da ya yi saura, sa maɓalli, kalmasar ƙafar wando, in an ga alamar natsuwa a ba shi aljihu. Almakashi kuwa sai dai ya ji ƙararsa. A nan ba na ganin laifin Baba. Mutum ya je Kantin Kwari ya yanko shadda Getzner, wadda aka ɗauko tun daga Ostiriya, ya kawo yadi 5 cif, ba ƙari. Ɗinki in ya karkace ana farkewa, yanka in ya karkace sai biya.

Amma ainihin karatun ɗan tela sai goman ƙarshe na azumi. A nan ne ake kwana a shago, a nan ne kuma yaro yake gane cewa rabin sana'ar da baki ake yin ta. Shi ake tsayarwa a ƙofa. "Yanzun nan ya fita," alhali Baba yana bayan labule. "Saura maɓalli kawai," alhali yadin yana cikin ledarsa ko alli bai taɓa shi ba. "Ka dawo bayan La'asar," ba tare da an ce La'asar ɗin wace rana ba. Yaron da ya iya faɗin waɗannan bai ƙifta ido ba, Baba yakan dube shi ya ji a ransa cewa shago ba zai mutu ba.

In ka shiga birnin Zariya ka leƙa zaurukan masu ɗinkin hannu, za ka tarar da wani malamin, tsoho mai tabarau a kan hanci, babbar riga shimfiɗe a gwiwa, yana fitar da aska takwas ko aska biyu, aikin da kan ci watanni. Shi bai da faɗa, bai da duka. Jikansa zai wuni a sunkuye, ya miƙa aiki yana murmushi, tsoho ya juya bayan ƙyallen, domin a baya yake duba gaskiyar ɗinki, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Madalla. Farke." Takwararsa a cikin gida ita ce mai ɗinkin hula, wadda za ta hango kuskure ɗaya a tsakiyar zanna bukar daga inda take tankaɗe.

Anti 'yar waya sabon shiga ce. A YouTube ta yi karatu, ta sayi keken lantarki, ta buɗe shafi a Instagram kafin ta ɗinka ko ɗankwali. Aikin ɗalibanta riƙe waya da mayar da bidiyo baya. Ana zuwa wajen haɗa hannun riga sai a ɗauke wuta, ko data ta ƙare, a tashi darasi da riga mai hannu ɗaya.

Kada a ce su ma ɗaliban tsarkaka ne. Akwai mai almakashi, wadda ba ɗinkin ne ya dame ta ba, yankan ne; uwa ta ajiye turmin atamfa yadi 6 don biki, ta buɗe ta tarar da taga a tsakiya, ga 'yar tsana can ta sha anko. Akwai direba, wanda keke a wurinsa mota ce, yana takawa ba zare ba ƙyalle yana kiran fasinjan Kaduna. Akwai kuma wadda allura ta taɓa soka sau ɗaya, ta ɗaure yatsa da tsumma, ta yi ritaya.

Mutumin da ba a taɓa jinjina wa ba a wannan harka shi ne wanda ake gwada aikin a jikinsa. Da farko ƙaramin ƙane ne, wanda ba shi da bakin ƙin rigar da kai ba ya shiga wuyanta. In hannu ya ɗan faɗa sai a haura zuwa ga mai gida. 'Yarsa ta kawo masa wandon farko a ninke, uwar tana tsaye a bayanta tana yi masa ido. Ya sa, ƙafa ɗaya ta rufe idon sawu, ɗayar ta tsaya a ƙwauri, aljihu yana kallon baya. Ya ce, "Allah ya yi albarka, ai ko telana bai fi haka ba." Yarinya ta ce to da shi za a je Juma'a. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya aika a ɗauko masa babbar rigarsa wadda ta fi kowacce tsawo, duk da cewa watan Afrilu ake ciki.