Bazazzagi Zai Hau Dutse da Ihya'u a Baya

Malam Bazazzagi, bawan Kanawa, sannu da shiri. Labari ya iske ni har shago cewa za ka goya jaka ka hau Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya, mita 2,419, can cikin dajin Gashaka-Gumti a bakin iyakar Kamaru. Madalla. Amma da aka ce ka ɗaure Ihya'u Ulumiddin na Imam Gazali, mujalladi huɗu cif, ka ɗora Alfiyyar Ibn Malik a kai, sai na ce iyayin Zage-zagi ya motsa. Wa za ka yi wa i'irabi a can? Birai?

Masu irin wannan tafiya sun ce kada kaya su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mai ɗauka. Kai kuwa ko da rawani aka auna ka, sikeli sai ya yi shakka. Ga tanti, ga bargo, ga ƙuli-ƙuli da garin kwaki, ga buta. Ina Imam Gazali zai zauna?

Shi kansa ya tausaya wa irinku. Ya bar Ayyuhal Walad, wasiƙa ce ga almajirinsa, aljihun gaba ma ya ishe ta. Ni dai Hikam ta Ibn Aɗa'illah na fi so maka. Wanda ya wuni yana hawa, gwiwa na rawa, ba ya iya babi. Layi biyu zai karanta barci ya kwashe shi. Hikam kuwa jimla ɗaya za ka ɗauka bayan asuba, ka yi ta juya ta a zuci har azahar, ƙafa na aikinta. In kuma bokon Samaru ya hana ka sakat, ɗauki ɗan littafin Marcus Aurelius, sarkin Rum da ya rubuta wa kansa nasiha a sansanin yaƙi. Rabinsa haƙuri ne, za ka buƙata.

Kada ka ce komai na cikin waya. Babu inda za ka yi caji. Kuma dabarar Turawa ta yage shafin da aka gama a hura wuta, ba da takarda mai sunan Allah ba. Naɗe littafin a leda biyu, raɓar dutsen ba ta san malami ba.

Ihya'un ka aiko Kano in ajiye maka amana. In ka daɗe ba ka sauko ba, na san mai saye a Kurmi.