Gahawa a Kan Dutse

Masu goya jaka su kwana a daji don nishaɗi, irin na Amurka da Turai, ba su wasa da nauyin kaya. Wani har yanke mariƙin buroshin haƙorinsa yake yi don ya rage 'yan giram. Amma leƙa ƙasan jakar: ga injin niƙa gahawa na hannu, ga ɗan sikeli, ga AeroPress, bututun robar nan mai kama da ƙatuwar sirinji da Alan Adler ya fito da shi a 2005. Wando ɗaya ya ishe shi mako guda, gahawa kuwa ba a taɓa ta.

Sai dai dutse ba ruwansa da gwaninta. Duk mita 300 da ka hau, zafin da ruwa ke tafasa a kai yakan ragu da kusan digiri ɗaya. A sansanin Barafu na Kilimanjaro, sama da mita 4,600, tukunya tana ta ɓararraka alhali zafinta bai wuce digiri 85 ba. Ga gogan naka tsugune gaban risho, yatsu sun ƙage, yana auna gari yana duba agogo, ƙarshe abin ya fito salam, da ɗan tsami-tsami. Ya kurɓa, ya lumshe ido, wai daɗi.

'Yan dakon da suka ɗauko masa tanti tuni sun shanye shayinsu, suna tsaye suna jiransa.